Hular da Ba Ta Riƙe Ruwa

A tsibirinmu na Taquile maza ke saƙa.
Ina ɗan shekara takwas aka danƙa mini allura biyar.
Hular da na kai gidan su Basilia
ubanta ya cika ta da ruwa, bai ga ɗigo ba,
ya ce in zo in ɗauki matata.
Tun ranar nake ganin ba ƙullin da zai gagare ni.

Talata aka haife ta, rana ba ta taɓa tafki ba tukuna.
Gwaggo Fortunata ta yanke cibi, ta ce, mace ce, ga murya.
Ta kama nono ta saki,
ta kama ta saki.
Tsakar dare ta dawo da shi duka a kafaɗar uwarta,
ba fari irin tumbuɗin jarirai ba,
kore shar, kamar gansakukar gindin jirgi.

Gwaggo ta kwance tsumma, wayam.
Laraba ta sake kwancewa, wayam.
Ciki ya ɗaga yana sheƙi,
jijiyoyi sun fito a kansa kamar zanen hanya.
Surukata ta ɗora tukunyar ganye.
Gwaggo ta sauke ta da hannunta:
Wannan ya wuce ganye. Ku tashi Anacleto ya kunna inji.

Matakala ɗari biyar da ɗoriya zuwa bakin ruwa.
Na sha hawa da buhun dankali a baya,
ban taɓa jin nauyi irin na kilo ukun nan ba.
Awa uku a kan Titicaca,
sanyi na yanka kunne,
Basilia na hura mata numfashi cikin bargo.

A Puno suka zura siririyar roba ta hancinta,
koren ya riƙa gangarowa cikin kwalba.
Aka ɗaga hoton cikinta a gaban fitila:
kumfa, kumfa, kumfa, sai duhu.
Nan hanya ta tsaya, in ji su. Ku wuce Arequipa.

Likita Apaza ba ta kai ƙanwata tsawo ba.
Ta ga ulu na leƙowa daga aljihuna.
Masaƙi ne kai? To ji.
Zaren hanjinta ya tsinke tun tana ciki,
baki biyu ne ba su gamu ba.
Zan datse inda ya mutu in haɗa.
Na juya wa Basilia maganar da Kechuwa,
kalmar mutu kaɗai na haɗiye.
Na sa hannu a takarda, sunana ya karkace.

Awa huɗu a kan benci ina saƙa.
Ido na zame mini, ban koma na tsince shi ba.

Ta fito da rai. Sai jira.
Ba nono, sai ƙarin ruwa ta jijiyar ƙafa.
Basilia na tatsa cikin 'yan kwalabe,
ana rubuta kwanan wata ana sa wa a sanyi.
Kowace safiya tambayata ɗaya,
har masu jinya suka daina jiran in buɗe baki,
daga ƙofa suke girgiza kai.

Kwana na tara wata ta taho da sauri,
ƙunzugu a tafinta kamar mai kawo kyauta.
Ɗan baƙi-baƙi, kore-kore, mai danƙo,
bai cika cokali ba.
Na kira tsibiri a waya ina ihu, ta yi kashi!
Na ji Anacleto na maimaitawa daga kan dutse,
na ji mata sun ɗauka.

Yanzu in ana mata wanka nakan tsaya in duba ɗinkin,
ɗan layi a saman cibiya.
Na ainihin yana can ciki inda ba zan gani ba,
kuma yana riƙe madara.

Hular benci ita ce a kanta.
Gefe ɗaya ya fi tsawo, ga huda uku.
Kakanta ya juya ta a hannu, ya dube ni,
bai ce a kawo ruwa ba.