Shoka Uku a Bakin Kura

Ramin kwanar Gubi ne
ya cinye shokar bayan Kawasakina.
Tun ranar, duk tsakuwar da na taka
sai ta gaida ƙashin bayana.

Na shiga Bakin Kura da dubu tamanin.

Obinna ya miƙo ta farko, ja wur, a leda:
“'Yar Caina, arba'in da biyar.”
Na danna ta da gwiwa, ta dawo da sauri
kamar mai bin bashi.

Ta biyu kwance ce,
mai ya yi mata gumi a wuya.
Saba'in. Allah kaɗai ya san ramukan da ta sha.

Ta uku ba a taɓawa.
Tana cikin gilashi, goye da 'yar tukunyar gas,
dubu ɗari biyu da ashirin.
Na kalle ta yadda ake kallon gonar maƙwabci.

Chindo bakanike ya goge hannu a wando:
“Zaɓi wanda za ka biya,
Obinna yau ko mai ɗori gobe.”

Na ɗauki ta kwance.
Goman da ta rage na sha mai,
na kama hanyar Ningi a hankali,
ina sauraron bayana.