Ƙofa Mai Juyawa

A Dadin Kowa, ƙasa da madatsar ruwa,
inda injinan ban ruwa ke tari tun asuba,
nan rumfar Bappa Manga take:
fallen kwano uku, benci ɗaya, galan na baƙin mai.
Ina ɗan sha huɗu ya fara miƙo mini sifana.

Ranar da ya buɗe mini kan inji
ya ce, Gidado, ga fistin, jaki ne,
hawa da sauka kaɗai ya sani.
Waɗannan biyun bawul ne, masu tsaron ɗaki,
ɗaya ya shigo da iska da fetur,
ɗaya ya raka hayaƙi waje.
Ƙarfe na tura su, sifirin na dawo da su,
ƙwas, ƙwas, ƙwas, har rana ta faɗi.

Ƙwas ɗin nan ne ya hana shi sakat.
Wane irin gida ne, in ji shi,
da za a buga ƙofarsa sau dubu a minti
kuma a ce kada ta gaji?

Wata azahar yana alwala a famfon kasuwa
ya murɗa, ruwa ya zo,
ya murɗa, ruwa ya ɗauke.
Babu bugu, babu tsalle.
Ya tsaya da hannu ɗaya a jiƙe
har aka tayar da iƙama bai wanke ɗayan ba.

Ya sayar da tunkiya, ya hau motar Gombe,
ya kwana biyu wurin masu sassaƙar ƙarfe,
ya dawo da wani abu kamar gaɓar rake,
sumul, da taga a yanke a cikinsa.
Sarƙar babur ce za ta juya shi:
inji ya zaga sau biyu, shi sau ɗaya.
Taga ta fuskanci kafireto, ɗaki ya sha iska,
ta juya baya, wuta ta kama,
ta leƙa salansa, hayaƙi ya fita.

A gonar tumatirin Hajja Dudu muka gwada.
Na ja igiya sau tara.
A na goma ya tashi,
da wata murya mai laushi da ban taɓa ji ba,
kamar mage ta ƙoshi.
Ruwa ya cika tiyo, ya bi kunya yana sheƙi.
Minti goma sha ɗaya, ni na riƙe agogo.
Sai zafi ya kumbura ƙarfe,
ya cije.

Ya sa zarto ya rage kaurin gashi guda.
Wannan karon bai cije ba,
amma ƙarfi ya riƙa silalewa ta gefe,
mai ya bi taga ya faɗa wuta,
shuɗin hayaƙi ya kori yaran da ke kallo.
Hajja Dudu ta ce, Bappa, tumatir bai san bincike ba.
Kafin magariba mun mayar da tsohon kai,
ƙwas, ƙwas, gona ta sha ruwa.

Bakwai ya yi cikin shekara shida.
In ya matse, ya cije. In ya sassauta, ya yoyo.
Tsakaninsu akwai wani siririn wuri
da zartonsa bai taɓa sauka a kai ba.

Yanzu hannunsa na rawa, ni ke riƙe da rumfa.
Na bakwai na cikin gwangwanin madara,
naɗe da tsumma mai maiƙo.
In aiki ya lafa nakan ɗauko shi,
in kafa baki, in hura, ina murzawa da babban yatsa:
iska ta wuce, ta tsaya, ta wuce.

Jiya na kai masa goro.
Bai tambayi ciniki ba.
Ya ce, baƙin sandan nan na cikin tsohon batir,
ka taɓa gwada shi a bakin tagar?
Na ce a'a.
Ya ce, to, tara mana batir kafin Juma'a.