Taku Uku

Ni na ja igiya, ni na kafa turaku,
ran wata Talata, bayan Ƙofar Sauri,
a gonar da kakan Bishir ke noma gero a da.
Katafila ta aske ta ƙwal kamar kan jariri ran suna,
ba jema, ba gamba, ba ko tsiron sabara,
sai jar ƙasa tsirara tana kallon sama.

Sada ya zo a babur, takarda a hammata.
Yaron hukuma ne, bai girmi ɗan cikina ba.
Ya ce, "Baba, a bar taku uku daga titi,
nan lambatu zai bi.
Yashin nan a kewaye shi da buhuna,
kar ruwan fari ya kwashe shi ya toshe kwalbati.
A haƙa rami a kusurwa, a cika da tsakuwa,
indararo ya zuba ciki, ƙasa ta sha.
Gangaren baya kuwa, a mayar masa da ciyawarsa."

Na yi dariya.
Shekara talatin cokalin gini na hannuna,
yau ɗan jiya zai nuna mini inda ruwa ke bi?

Alhaji Nalado ya sauke gilashin mota:
"Taku uku ai shago ne, Abashe.
Fili na saya, ban saya wa ruwa hanya ba."
Ni kuwa ladan bulo ɗari biyar na hango,
na ja igiyar har bakin titi.
Jan fentin da Sada ya shafa,
kafin magariba na bi shi da filasta.

Yuni ya wuce lami lafiya.
Yuli ya yi gyaran murya.
Wani dare a tsakiyar marka hadari ya haɗo daga gabas,
ruwa ya sauko daga kwanon gida arba'in,
ya nufo inda ya saba bi tun ba a yi ganuwa ba,
ya tarar da katangata.
Bai yi gardama ba, bai nemi takarda ba.
Kwana kawai ya yi.

Ƙasa da mu gidan Tabawa ne, mai daddawa,
ginin ƙasa, ɗaki biyu da rumfa.
Ta rariya ya shiga, rariyar da aka yi don ya fita.
Da asuba na same ta cikin laka har gwiwa,
tana tsintar kalwa ɗaya-ɗaya tana sawa a ƙwarya.
Yashin da ke tsakar gidanta na gane shi,
tifa biyu, ni na ƙirga kuɗinsa.
Akuyarta an ce an gan ta can wajen Ginzo.
Ta ɗago ta ce, "Abashe, an tashi lafiya?"
Da ma zagina ta yi.

Bayan katanga ƙasa ta wage baki,
kwazazzabo ɗan kwana ɗaya ya kai ƙugu,
yana lasar harsashin shagon nan.

Sada ya dawo, bai ce "ai na faɗa" ba.
Ya naɗe ƙafar wando,
ya miƙo mini bakin igiyar awo, ya riƙe ɗayan.
Muka auna. Ukun nan ne dai.
Hannun da ya ɗora bulon shi ya sauke shi,
layi bayan layi,
Alhaji na cikin mota yana waya, ya ba mu ƙeya.

Yanzu in an kira ni sabon fili,
kafin in tambayi ɗaki nawa,
nakan zaga in ga inda kara da kashin awaki suka taru bara,
inda rairayi ya kwanta luf.
Sawunsa ke nan. Ya riga mu zuwa.

Jemar da na dasa a gangaren ta kama.
Akuyar da na saya wa Tabawa kullum tana can tana figa,
ni ina kora,
ga shi ko kuɗinta ban gama biya ba.