Dariyar Haya

Ƙarfe tara a Glasgow, ruwa na dukan taga.
Morag ta cire takalmi, ta kunna talabijin.
Ga Drummond, manajan cikin wasan,
ya rataya allo a bango: GASKIYA JARINMU.
Ƙusa ta zame, allon ya faɗo
kan injin da ke markaɗa takardun odita.
Dariyar haya ta ɓarke daga akwati.

Ya kira taron ɗa'a.
An raba biskit, an raba biro mai tambarin kamfani,
kowa ya sa hannu cewa bai ga komai ba.
Mai shara ce kaɗai ta tambayi fanshonta,
aka miƙa mata kofi mai rubutu: MU DANGI NE.

Morag ta dara har ta ƙware da shayi.
Sai ta yi tsit.
A jakarta akwai irin wannan biron,
shuɗi, duk ta tauna gindinsa
kafin ta sa hannu ranar Talata
a hawa na sha ɗaya.

Kurar allo da takunkumi ake wasa da ita,
ta ofis kuwa bakinta a sake yake.
Ta kashe murya. Leɓen Drummond na ta motsi.
Gobe bas ɗin bakwai da kwata.