Yatsa Uku

Na kwanta rigingine a kicin ɗin Inna Zuwera,
kaina a ƙarƙashin mawanki,
tocila a baki, kamar kare da ƙashi.
Bisa kaina tsohon injin niƙa sauran abinci,
ya mutu tun kafin azumi,
ya bar gadon tsatsa da warin albasa.

Sabon yana gefe cikin kwali.
Sabi'u ya aiko shi daga ƙasar sanyi,
da takarda mai harsuna tara, babu namu.

Na kwance tsohon. Ya faɗo mini a ƙirji
da nauyin ɗan akuya,
ya amayar mini ruwan da ya riƙe wata huɗu.
Lawali ya yi dariya. Na ce, miƙo kile.

Nan gardama ta fito.
Bakin sabon ya yi ƙasa,
tiyon bango ya ɗara shi da yatsa uku.
Na auna da mitir, na auna da hannu,
uku dai, ba ragi kamar a kasuwa.
Ruwa kuwa ba ya hawan tudu don kara,
ba ya jin don Allah don Annabi.

Lawali ya ce a fasa bango.
Yaro ne, guduma yake so.

Na kankare sima kaɗan da ƙusa,
sai ga mahaɗin:
zaren rama, naɗi bakwai, duk ta dama,
an shafe shi da jan fenti.
Na san hannun nan.
Baba Kyari ne, wanda ya koya mini riƙon kile,
mai cewa ƙarfe ba a yi masa dole,
lallashi yake so, kamar tsoho mai zazzaɓi.
Shekara talatin, ko ɗigo.
Shi ya kwanta dama shekara shida ke nan,
aikinsa bai ji labari ba,
yana nan yana tsare bakin aiki.

Ban fasa ba.
Kuma ban fasa ba.

A Damagaram ba mu ture dutse,
gida muke ginawa mu kewaye shi.
Na aiki Lawali Kasuwar Dole
ya sayo gwiwa biyu, roba, da guntun katako.
Muka ɗaga mawankin dungurungum, yatsa huɗu,
ɗaya na bai wa ruwa don ya sami gangara.
Inna Zuwera ta dafa, ta miƙe,
ta ce, ashe bayana ne aka gyara.

Da la'asar komai ya zauna.
Na murɗa pompo.
Ya yi tari, ya yi atishawa, ya hura mini iska.
Kwana tara ke nan, in ji ta, Garin Malam ba ɗigo.
Muka tsayar da mai amalanke, bido biyu,
muka zauna jiran kuran
kamar masu jiran haihuwa.

Da fitila ta kawo, Lawali ya tuttula, na danna.
Abin ya yi gurnani, kwanoni suka yi rawa,
kaji suka watse.
Na bi kowane mahaɗi da busasshen yatsa.
Ya dawo a bushe.
Can waje, ruwan ya bi tsohuwar hanyarsa
zuwa gindin lemun tsami.

Ta ce in ɗauki hoto a tura wa Sabi'u,
ya san kuɗinsa ba su faɗi ƙasa ba.
Sannan ta tattara ɓawon dankali a faranti,
ta wuce injin, ko kallo,
ta kai wa jar akuyarta,
wadda ba ta taɓa neman kuran ba.

Kafin in rufe, na sake leƙawa.
Nawa farin tef ne, ba rama ba,
amma na ƙirga naɗin da hannuna ya yi
ba tare da shawarata ba.
Bakwai ne, duk ta dama.