Shuɗi a Ƙarƙashin Ja

Tun la'asar na jiƙa samfefa a bokiti,
na ɗiga sabulu sau biyu,
na bar ta ta kwana, ta saki jiki.
Usta Zailani, Allah ya jiƙansa, ya kan ce
busasshiyar takarda mafaɗaciya ce,
ba a kai ta jikin tsohuwa.

Tsohuwar kuwa ga ta a kusurwar gareji,
a Sana'iyyar Jidda, bayan layin masu walda:
ja, ƙofa biyu, dogon hanci kamar na kada.
Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Gishirin Bahar Maliya ya lashe mata sheƙi.
Wani mai gaggawa ya taɓa fesa ta,
ya bar mata hawaye uku a gefen ƙofa,
bonet ya yi kurzunu kamar ɓawon lemo,
har da sauron da ya sauka fenti na ɗanye.
Ga fiffikensa nan, bai tashi ba har yau.

Na liƙe gefuna da salatif,
don a nan fenti ya fi siranta.
Lamba dubu da ɗari biyar, a naɗe a roba.
Ruwa a hagu, dama tana tafiya,
gaba, baya, ban da zagaye.
Kunne ke aiki fiye da ido:
in ka ji ƙiii, tsakuwa ta shiga, tsaya.
In ka ji shuu, shuu, kamar mai tankaɗe,
to, ci gaba.

Ruwan yana gangara ja kamar zoɓo,
ya bi ta tsakanin yatsun ƙafata.
Na share, na duba.
Tudu ya dushe, kwari yana ƙyalli.
Da saura ke nan.
Dubu biyu ta goge sawun 'yar'uwarta,
dubu uku ta goge na dubu biyu,
kowacce tana biyan bashin wadda ta gabace ta.

Aka kira azahar a masallacin 'yan tireloli.
Na ce bari in ƙarasa hawayen nan na ƙarshe.
Shafa ɗaya.
Ɗaya tak ta yi yawa.

Ruwan ya canza launi.
A kafaɗar ƙofa, wuri kamar farcen jariri,
wani shuɗi ya buɗe ido yana kallona.

Na zauna a kan taya.
Na ƙirga kuɗin haya, na ƙirga na iƙama,
na ƙirga abin da Gambo ke jira a Rimin Gado.
Akwai ɗan gwangwanin ja a kan kanta.
Ɗigo ɗaya, wa zai sani?
Na ɗauka. Na jijjiga. Na ajiye.

Na ɗauko inji da gashin tunkiya,
na bi sauran jikin da man gogi, a hankali,
kada zafi ya ƙona abin da ruwa ya bari.
Hazo ya yaye.
Fitilar rufi ta dawo doguwa, miƙaƙƙiya,
fuskata ta fito a bonet har da furfurar da ban san da ita ba.

Ammu Sirajuddin ya zo bayan isha'i da sandarsa.
Ban bari ya nemo da kansa ba, na nuna masa.
Ya sa tabarau. Ya durƙusa da ƙyar.
Ya daɗe.

Ya ce, haka take ranar da babana ya sauko da ita daga jirgin ruwa.
Ni na mai da ita ja, don in ɓata masa rai.
Ya ɗora babban yatsa a wurin, kamar mai dangwala shaida.

Ya cire riyal hamsin daga ladana,
don ɓarna ɓarna ce.
A bakin ƙofa ya juyo:
kada ka rufe shi.

Na zubar da bokitin a kwata.
Jan ya daɗe bai bi ruwa ba.