Giya Ɗaya a Hawan Suru

Ranar da na fara kama sitiyari Gado ya ce min,
gudu daban, murɗa daban.
Ban gane ba.
Ya miƙo min sifana, ya nuna wani noti da tsatsa ta cinye,
na ja har jijiyar wuyana ta tashi, noti ko gezau.
Ya zura bututu a gindin sifanar, tsawon kamu biyu,
ya danna da hannu ɗaya, bai fasa tauna goronsa ba.
Noti ya yi ƙara, ya saki.
"Wanga shi ne ke cikin injin, yaro,
ba ihun da kake ji a salansa ba."

A-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, mai shan gas,
fara ce a da, jar ƙasa ta rina ta.
Takardarta ta ce tan uku take ja.
Gado ya ce a kan kwalta aka rubuta takarda,
in ka shiga fadama, cire tan ɗaya ka bai wa laka hakkinta.

Bana idonsa ya yi hazo, yana gida a Dakingari,
makulli ya dawo aljihuna.

Kaka ta yi, shinkafa ta faɗi a Suru.
Injin casar Hantsi na kan tirela a bakin ruwa,
shi da tirelar tan biyu cif.
Ta dube ni, ta dubi rana:
"Buhu goma sha biyu ne kacal, Dantani,
ɗora su, in ƙara maka na cefane."
Na yi lissafi a zuci, lissafi ya ce a'a,
aljihu ya ce ai takarda ta yarda.

Muka ɗaure. Sarƙa ta miƙe.
Gindin mota ya durƙusa, hancinta ya dubi sama.
A shimfiɗe ta tafi, tana nishi, tana tafiya,
sai ga hawan nan da ke bayan rumfar masunta.
Na taka totur kamar ina bin ta bashi,
allura ta haura dubu huɗu,
taya na juyi, ƙasa ba ta matsawa,
sai wari,
warin kulochi, kamar an jefa tsohon takalmi a murhu.

Na ɗaga ƙafa. Na ja birkin hannu.
Na sa dutse bayan kowace taya.

Buhu goma sha biyu, ni na hau da su a ka,
ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin wuyana.
Mai amalanke ya wuce da shanunsa biyu,
bai ce komai ba, ya dai rage tafiya don ya gani da kyau.
Yara kuwa sun faɗi abin da ya haɗiye.

Na koma. Na bar ta ta huce.
Na sa fowil, na sa giya ɗaya,
na riƙe allura a dubu biyu, kamar mai riƙe jariri,
ban ƙara ba, ban rage ba.
Ta yi wata murya daga can ƙasan ciki,
irin ta sa idan zai tashi daga kwance,
tirela ta motsa,
taku, taku, laka na sakin taya,
har muka ga kwalta.

Hantsi ta biya, ba na cefane.

Bayan isha na kai wa Gado labari, na tsallake tsakiyarsa.
Ya ce in matso.
Ya kama hannun rigata, ya kai hanci,
ya daɗe.
"Buhu nawa ka ƙara mata?"